Daga Dutsen Kufena Zuwa Gadar Zambezi: Jagora Ga Mai Son Tsallen Banji Amma Tsoro Ya Riƙe Masa Ƙafa

Sau biyu na tsaya a bakin dandamalin tsallen banji, wato faɗowa daga wuri mai tsawo ana rataye da igiyar roba, da igiya ɗaure a ƙafata. A karo na farko na ce a kwance ni, aka kwance ni, na koma mota na zauna gwiwoyina na kaɗawa. A karo na biyu, bayan shekara guda da 'yan watanni, na faɗa daga gadar da ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe, mita 111, kaina a ƙasa ina kallon Kogin Zambezi. Tsakanin waɗannan ranaku biyu zuciyata tana nan yadda take. Har gobe idan na leƙa rijiya mai zurfi sai na ji tafin ƙafata ya yi sanyi. Shiri ne ya bambanta su, kuma kusan dukkan shirin a nan Zariya na yi shi, kafin in taka matakalar jirgi.

Tun da na dawo, ɗalibai da abokan aiki da ke fita waje taro ko karatu suke tambayata yadda ake yi. Wasu sun gani a TikTok ransu ya biya, wasu kuma abokan tafiya ne suka ja su har bakin gada suka rasa ta cewa. Ga abin da na sani.

Ka fara sanin abin da za ka faɗa cikinsa

Asalin abin daga tsibirin Pentecost ne a ƙasar Banuwatu, inda maza ke gina hasumiyar itace su ɗaura jijiyar kurmi a idon sawu su faɗo, a lokacin da doya ta nuna. Wasu samari 'yan wata ƙungiyar wasanni masu haɗari ta Oksfod suka kwaikwaye su da igiyar roba ranar 1 ga Afrilu 1979, daga gadar Clifton da ke Biristol a Ingila. Mutumin da ya mai da shi sana'a shi ne A.J. Hackett ɗan Niyuzilan, wanda ya yi tsalle daga hasumiyar Ifel a Faris a 1987, sannan a 1988 shi da abokinsa Henry van Asch suka buɗe wa jama'a gadar Kawarau da ke Niyuzilan, mai mita 43.

Igiyar siraran zaruruwan roba ne ɗaruruwa da aka haɗe wuri guda har suka yi kaurin hannun babban mutum, kuma tana miƙewa ninki uku ko fiye na tsawonta. Idan ka bar dandamali, da farko ba abin da ke riƙe da kai. A kowace daƙiƙa gudunka na ƙaruwa da kusan kilomita 35 a awa, don haka cikin daƙiƙa uku ka sauko mita 44 kana gudun da ya zarce kilomita 100 a awa, irin na motar haya a hanyar Kaduna. Daga nan robar za ta fara kamawa sannu a hankali, ta rage maka gudu har ka tsaya cak, sannan ta cilla ka sama. Wannan miƙewar ita ce ranka. Da igiyar kaba ce ko ta rama, wadda ba ta miƙewa, tsayawar farat ɗaya ce za ta karya mutum. Na faɗi haka ne saboda yaranmu: kada wani ya ga bidiyo ya ɗauko robar da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya ya hau bishiya ko katanga. Lissafi ne na nauyi da tsawo da ƙarfin roba, kuskuren mita biyu a cikinsa kuwa ajali ne.

Tsoron nan iri biyu ne

Wannan shi ne abin da ban gane ba a karo na farko.

A unguwarmu akwai wani dattijo mai yasar rijiya. Ina yaro nakan tsuguna in kalle shi. Kafin ya shiga sai ya zauna a bakin rijiyar ya bi igiyar da hannunsa kamu-kamu tun daga farko har ƙarshe, inda ya ga ta fara saɓulewa ya yanke ya sake ƙulli. Sai ya dubi samarin da za su riƙe masa ɗaya bayan ɗaya; wanda ya ga hankalinsa na wajen hira ya ce ya matsa. Idan ya gama wannan, ya yi bisimilla ya zura ƙafa, ba ya sake waiwayen igiya. Ya riga ya kashe tsoronsa a inda tsoron ke da amfani.

Akwai tsoron da ke yin tambaya: igiyar nan lafiyarta ƙalau? Zuciyata za ta ɗauka? Waɗannan mutanen sun san aikinsu? Wannan tsoron alheri ne, kuma kowace tambaya tasa tana da amsa. Akwai kuma tsoron jiki, wanda ke zuwa lokacin da yatsun ƙafarka suka leƙa sarari. Wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa ne ke ganin haɗari ya aika saƙo, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, gwiwa ta saki. Wannan ba ya jin lallashi, ba ya jin hujja, kuma ko wanda ya yi tsalle sau goma yana jin sa. Kuskurena a karon farko shi ne na hau dandamali da tsoron nan biyu a haɗe. Ban ga likita ba, ban tambayi kowa komai ba, ban gaya wa mahaifiyata ba. Da na tsaya a baki sai tambayoyin suka taso gaba ɗaya, ga jiki na rawa, ba wurin neman amsa. Duk abin da zai biyo baya hanya ce ta gamawa da tsoron mai tambaya tun a ƙasa, domin ya rage saura ɗaya tak a sama.

Likita kafin tikiti

Ka je a auna jininka. Mutane da yawa a cikinmu suna yawo da hawan jini ba su sani ba. Awo ɗaya a kemis bai wadatar ba. A auna a ranaku daban-daban, idan yana kai 140 bisa 90 ko ya haura, ka tafi asibiti, ko na koyarwa da ke Shika ko wanda ya fi kusa da kai, ka ajiye maganar tsalle tukuna.

Ka faɗa wa likita ainihin abin da za ka yi, in da hali ka nuna masa bidiyo, don ya ga za ka rataya kai a ƙasa. Wannan ratayar tana tara jini a kai, ƙananan jijiyoyin ido su ɗauki nauyi, kuma an sha samun waɗanda jini ya tsattsafo musu a cikin ido bayan tsalle. Mai hawan jinin ido, wanda aka taɓa yi wa aikin ido, da wanda tabaransa ke da kauri sosai saboda rashin hangen nesa, su nemi likitan ido musamman. Mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mace mai ciki ko wadda ke zaton tana da shi, wanda bai daɗe da yin tiyata ba, mai ciwon wuya ko gadon baya, wanda aka yi wa ɗori kwanan nan ko kafaɗarsa ke yawan gocewa, duk waɗannan su haƙura. Mai sikila, mai ciwon suga da mai asma kada su yanke wa kansu hukunci, likitansu ne zai ce.

A can za a ba ka takarda ka cike ka sa hannu cewa ba ka da waɗannan larurori. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ɓoye ciwo don kada kuɗinsa su tafi a banza, kansa ya cuta, domin sa hannun nan ya ɗauke wa masu wurin alhaki.

Malam da iyaye

Wannan matakin ba za ka same shi a takardun masu yawon buɗe ido ba, amma ga ɗan Zariya shi ne ya fi nauyi.

Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan Magariba, na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai wata mas'ala." Na yi masa bayani. Ya karanto mini aya ta 195 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, sannan ya yi mini tambayoyin da suka fi na likita tsanani: a cikin masu yi, kuɓuta ce ta fi yawa ko halaka? Akwai masu sa ido a kan masu sana'ar? Kuɗin da zan kashe, akwai haƙƙin wani a kansu? Ya tuna mini hadisin mai raƙumi da aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Akwai malaman da ke ganin barin irin wannan wasan ne daidai, tunda ba wata larura da ta kai mutum, kuma hujjarsu abar girmamawa ce. Ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Idan ya ce ka bari, zuciyarka kuma ta natsu da hakan, to ka bari. Ba ka rasa komai na addini ko na mutunci ba.

Mahaifiyata kuwa sai da na kwana uku ina juya maganar. Na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida, na durƙusa na ce, "Inna, akwai abin da nake so in yi idan na je, na ce ba zan yi ba sai kin sani." Na miƙa mata waya. Ta kalla har ƙarshe, ta ajiye faifan ta ce, "Kai ɗan nan, me ka rasa a ƙasa da za ka je nema a sama?" Ban yi gardama ba. Na gaya mata na ga likita, na ga Malam, na bayyana mata yadda ake ɗaurin. Ta ce, "Ɗauri nawa ne?" Na ce biyu, ɗaya a ƙafa, ɗaya a jiki. Ta yi shiru. Sai ana gobe zan tafi ta ce, "Allah ya tsare. Amma kana saukowa ka kira ni."

Da ta ce a'a, da ban yi ba. Mai aure ma ya gaya wa matarsa, matar aure ta shawarci mijinta. Wanda ya hau gada a ɓoye yana ɗauke da nauyin da sikeli ba ya nunawa, kuma a bakin dandamali nauyin nan ke danne ƙafa.

Zaɓen wuri

Mu da ke tashi daga Kano ko Abuja, wuraren Afirka sun fi mana sauƙi. Gadar Biktoriya, wadda aka gama ginawa a 1905, tana tsakanin garin Livingstone na Zambiya da garin Victoria Falls na Zimbabuwe, dab da mafaɗar ruwan da mutanen wurin ke kira Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Tsallenta mita 111 ne; ka ɗauki filin ƙwallo ka tayar da shi tsaye, ka ƙara kaɗan. Gadar tana tsakanin shingayen ƙasashen biyu, saboda haka sai ka riƙe fasfo ka karɓi takardar izinin hawa gada wurin jami'an shige da fice. A Afirka ta Kudu akwai gadar Bloukrans a kan babbar hanyar N2, mita 216, da kuma hasumiyoyin tsohuwar tashar lantarki ta Orlando a Soweto, mita 100. A Yuganda ana yi a Jinja a kan Kogin Nilu, kuma bai kai waɗancan tsawo ba. Wanda tafiya ta kai shi gabas mai nisa, tsallen hasumiyar Makau da ke ƙasar Sin mita 233 ne.

Kada ka ce sai mafi tsawo, kada kuma ka zaci gajere ba ya ban tsoro. A gajeren wuri kana ganin duwatsu da ganyaye ƙuru-ƙuru, ƙasa na kusa da ido, wasu ma shi ya fi firgita su. Abin dubawa shi ne masu aikin.

Zan faɗi gaskiya a kan gadar da na yi tsalle a kanta. Ranar 31 ga Disamba 2011 igiya ta tsinke da wata budurwa 'yar Ostareliya, ta faɗa cikin Zambezi ƙafafunta a ɗaure, Allah ya yi da sauran kwananta ta yi iyo ta fita da raunuka. Bayan haka ministan yawon buɗe ido na Zambiya a lokacin, Given Lubinda, ya je ya yi tsalle da kansa don ya kwantar wa mutane hankali. Na san wannan labarin kafin in je, shi ya sa na tafi da tambayoyi a rubuce, kuma ina ba ka shawara ka aika musu da irinsu tun kana gida. Shekara nawa suka yi suna aikin, kuma wace hukuma ce ke duba su? Suna rubuta yawan tsallen da aka yi da kowace igiya, kuma a tsalle na nawa suke yi mata ritaya? Ɗauri biyu suke yi, na ƙafa da na jiki, ta yadda in ɗaya ya saki ɗaya zai riƙe? Mutum nawa ke duba ɗaurin kafin a sake ka? Yaya suke ɗauko mutum bayan ya gama lilo, kuma ina asibiti mafi kusa? Masu aikin ƙwarai suna jin daɗin irin waɗannan tambayoyin, har su ɗauko maka littafin igiya ka gani. Wanda ya yi maka dariya ko ya ce kai dai ka biya kawai, ka kama gabanka. Haka wanda ya karya farashi ƙasa da na kowa. Araha ba ta ado.

Kuɗin tsalle a gadar Biktoriya ya haura dala 100, hoto da bidiyo kuma kuɗinsu daban, kuma yawanci ba a mayar wa wanda ya fasa. Ka tambayi ƙa'idar nauyi da shekaru, kowane wuri da tasa. Ka karanta takardar inshorar tafiyarka da kyau, da yawansu sun cire irin waɗannan wasannin sai an ƙara kuɗi. Biza da katin rigakafin zazzaɓin shawara kuma ka gama da su da wuri, ƙa'idojin suna sauyawa.

Horon da za ka yi a Zariya

Wata biyu na ɗauka, kuma ba abin da na kashe.

Na fara da numfashi. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta ta baki a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Tsawaita fitar numfashi yana rage gudun bugun zuciya. Minti biyar bayan Asuba, minti biyar kafin barci. Dole ya zama jiki tun kana cikin kwanciyar hankali, don ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Sannan tsawo, kaɗan-kaɗan. Makon farko na riƙa hawa bene mai hawa biyu in tsaya a baranda, hannuna a kan ƙarfe, in kalli ƙasa. Ƙa'idar guda ce: kada ka bar wurin lokacin da tsoron ke ganiyarsa. Ka tsaya kana numfashin nan har ka ji ya sauko da kansa, ko da rabi ne, sannan ka tafi. Idan ka gudu yana sama, ka koya wa jikinka cewa gudu ne ya cece shi, gobe sai ya fi haka. Idan ka jira ya lafa, jiki ya koyi cewa abin na wucewa. Da hawa biyu ya daina damuna na ƙara, har na kai ga hawayen sama na ginin Sanet na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ina leƙawa ta taga.

Daga nan sai Dutsen Kufena. Mu huɗu muka je da safe, da rani, don dutsen na da santsi idan ya jiƙe. Kada ka je kai kaɗai. Ban je gefen da ke da haɗari ba. Na sami wuri mai faɗi na zauna, Wusasa na shimfiɗe a ƙasa, iska na kaɗa rigata, na bar cikina ya yi juyin da zai yi. A zuwa na uku na iya tsayawa in buɗe hannuwa ina kallon nesa. Abin da na koya a can shi ne ya fi yi mini amfani a Zambezi: idan ka kalli ƙasan ƙafarka jiri ke zuwa, idan ka kafa ido a kan wani abu can nesa daidai tsayin idonka sai jiki ya daidaita.

Abu na ƙarshe, ka kalli bidiyon ainihin wurin da za ka je, cikakke tun daga awon nauyi har ɗaukowa, sau da yawa, har ka haddace abin da ke bin wani. Ka guji bidiyoyin haɗari da dare. Ka riga ka yi bincikenka da rana.

Ranar

Ka nemi layin safe. Jira ne ke ciyar da tsoro, wanda aka ba ƙarfe uku na yamma kuwa ya wuni yana kiwonsa. Ka yi barci sosai, ka ci abu mara nauyi awa biyu kafin lokacin, ka sha ruwa daidai. Kada ka je da yunwa, kuma ban ga dalilin yin sa da azumi a baki ba. Ka bar goro da kofi da lemon ƙara kuzari a ranar, zuciya ba ta buƙatar ƙari. Kada ka sha wata ƙwaya wai don ta ba ka ƙarfin hali ko ta kwantar maka da hankali. Kana buƙatar kunnenka da hankalinka cif.

Kaftani da babbar riga su zauna a masauki, don da ka juya za su rufe maka fuska. Wando da riga mai kama jiki da za ka cusa a ciki, da kambas mai igiya. Hula, tabarau, agogo, zobe, carbi, makulli, waya, kuɗi, duk ka ba abokin tafiya.

'Yar'uwa, ke ma kina iya yi cikin sutura. Ki sa wando mai kauri har idon sawu da riga mai dogon hannu da za ki cusa, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda za ki tura bakinsa cikin riga. Dogon hijabi da gyale da allurar ɗankwali haɗari ne, suna iya naɗewa a igiya ko a wuya. Ki tambaya tun kafin ki biya ko akwai mace cikin ma'aikatan da za ta ɗaura miki kayan jiki.

Da ka isa za a ɗora ka a sikeli a rubuta nauyinka a bayan hannunka. Ka duba lambar da idonka, ka tabbata ita ce, kuma ka san da kilo ake magana ko da fam, don kilo ɗaya fam 2.2 ne. Da wannan lambar ake zaɓen igiyarka. Ka tsaya ka kalli mutum biyu ko uku sun yi kafin kai, idonka a kan ma'aikatan: suna bin tsari ɗaya kowane karo? Wani na duba aikin wani? Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, nan ne wurin fasawa.

Sai maganar harshe, kuma ina roƙonka kada ka raina ta. A 2015 a Sifaniya wata yarinya 'yar Holan mai shekara 17 ta rasa ranta saboda mai kula da ita ya ce mata kada ta yi tsalle da gurɓataccen Turanci, ita kuma ta ji kamar ya ce yanzu ta yi, alhali ba a gama ɗaure igiyar ba. Turancin mutanen kudancin Afirka ya bambanta da namu a kunne, ga iska, ga ƙarar ruwa, wani wurin ga kiɗa. Ka ce wa mai kula da kai ya faɗa maka ainihin kalmomin da zai furta, ka maimaita masa. Ko me ka ji, kada ka matsa sai shi ya kama ka ya kai ka baki da hannunsa.

Bakin dandamali

Za su zaunar da kai, su naɗa tawul a ƙwaurinka, su zagaye da ɗamara mai ƙarfi su ɗaure tamau, su haɗa da kayan da ke jikinka. Ka ce su nuna maka mahaɗan biyu. Ka gani, ka taɓa. Daga wannan lokacin ka gama da igiya, kamar dattijon rijiya.

Ƙafafunka a haɗe suke, don haka da ɗan tsalle-tsalle za ka matsa, mutum biyu na riƙe da kai. Nauyin igiyar da ke lilo a ƙasa zai riƙa jan ƙafarka kaɗan. Haka yake ga kowa, kada ya firgita ka. Yatsunka za su leƙa. A nan tsoro na biyu zai zo da dukkan ƙarfinsa. Ni na ji kamar an zare mini ƙasusuwan gwiwa, bakina ya bushe ƙamas, hayaƙin ruwan na sauka a fuskata kamar yayyafi. Na ɗaga kai na sami wata bishiya a kan gaɓar dutsen da ke can nesa na kafa mata ido. Numfashi ɗaya mai tsawo. Na yi addu'ar da na saba yi idan zan fita daga gida. Na buɗe hannuwa.

Za su ƙirga daga biyar zuwa ɗaya. Ka tafi a ƙirgen farko. Na ga wanda ya ce a dakata a sake, aka sake har sau huɗu, kowane karo ƙafarsa na ƙara nauyi. Kuma ka tafi gaba, ƙirji a buɗe, kamar za ka rungumo bishiyar can, kai ya riga ƙafa. Wanda ya diro da ƙafa kamar mai dira daga katanga, idan igiya ta kama sai ta fizge shi ta juya da ƙarfi, a nan ake jin ciwon wuya da baya. Kada ka kama igiya, kada ka kama ma'aikaci.

Daƙiƙa ta farko ba dama a kwatanta ta. Ciki ya tashi, murya ta ɗauke. A ta biyu na ji iska na kuka a kunnena, bangon dutse baƙi na gudu ta gefe, ruwan na tasowa. Sai na ji an riƙe ni a hankali, a hankali, kamar hannu ya tare ni, na tsaya, na koma sama. A wannan komawar, idan ka ga igiya ta yi sako-sako kusa da kai, ka rufe fuska da hannuwa don kada ta doke ka ko ta zagaye wuya. Za ka yi sama da ƙasa sau uku ko huɗu, kowanne bai kai na baya ba, sannan ka rataya kana juyawa. Jini zai taru a kai, fuska ta yi nauyi. Ka ci gaba da numfashi. A gadar Biktoriya da Bloukrans ma'aikaci ne ke saukowa a wata igiya ya zaunar da kai a ja ku sama tare. A Kawarau kwalekwalen roba ne ke jira a ruwa a miƙo maka sanda.

Idan kuma ka kai baki ka ji ba za ka iya ba, ka faɗa a fili ka ce a kwance ka. Kada ka bari a tura ka, kada ihun abokai ya yanke maka hukunci. Na taɓa yi, na san zafin komawa mota. Kuɗin sun tafi, amma na dawo gida da ƙafafuna, kuma a ranar ce na san tambayoyin da ban yi ba.

Bayan an ɗauko ka

Kada ka miƙe da sauri. Ka zauna minti goma, ka sha ruwa, ka bar rawar jikin ta wuce. Wasu dariya ke kama su, wasu kuka, duk adiranalin ne ke sauka. Kada ka tuƙa mota nan take. 'Yan jajayen ɗigo a fatar gefen ido ko ciwon idon sawu na kwana ɗaya ba abin damuwa ba ne. Amma idan ganinka ya dushe, ko kana ganin baƙin tabo ko walƙiya, ko kai na sarawa ba sassauci, ko hannu ko ƙafa sun yi sanyi ba ka jin su, ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira sai ka dawo Najeriya.

Ni da na hau kan gada na karɓi wayata wurin abokin tafiyata, hannuna bai daina rawa ba sai da na kuskure lambar Inna sau biyu. Bugu ɗaya ta ɗauka, ashe tun safe wayar na kan cinyarta.

"Inna, na sauko."

"Alhamdu lillahi. Ba inda ke maka ciwo?"

"Babu, Inna."

"To. Ka yi Azahar?"

Na ce yanzu zan nemi ruwa. Ta ce in yi maza, lokaci na tafiya.